Taku Biyar Zuwa Rawuta

Litinin

Zuwa ga surukina Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da mai jego Auta, da babban baƙonmu Kilo Biyu. Kada ka ce na laƙaba wa ɗanka suna ba izini. Ranar da aka ce mini ya zo da wuri, nauyinsa bai cika kilo biyu ba, na shiga shago na ɗauki gudumata mai kilo biyu na riƙe a tafin hannu. Na ce ashe jikan da muka jira shekara tara bai kai wannan ba. Sai ga hawaye, ni da ko tartsatsin walda bai taɓa sa ni kuka ba. Yanzu kuwa da aka fito da shi daga kwalba ya koma gida, duk wanda ya wuce ta ƙofar shago sai na tare shi na ba shi labari, har mai gyaran takalmi ya fara canza hanya.

Na san kana dariyar wasiƙa. Shekara arba'in ina dukan ƙarfe, kunne ya tafi, a waya ba na jin komai sai zuuu. Kuma ban shiga ajin yamma ina da shekara hamsin da biyu don in bar biro ya bushe ba. Direban bas yana wucewa duk bayan kwana biyu, ya ce zai riƙa kai mana.

To ga damuwar. Kwamfuta da rawutar da ka aiko, wato ƴar na'urar nan mai watsa intanet, sun iso lafiya. Ranar farko komai ya tafi daidai, ka tuna mun ga fuskar Auta tar, sai dai lokacin yaron yana asibiti. Na yi kwana biyu ina wani ɗan aiki a shago. Da na dawo kan kwamfuta, wannan alama mai kama da mafici, wadda ka ce ita ce waifai, ta ɓace. A madadinta akwai wata ƴar ƙwallo kamar duniya. Na zana maka ita a bayan takarda.

Ka san halin da Inna take ciki. Tun da ta zame ta karye a ƙugu, sati biyar ke nan tana kwance. Likita ya hana ku tafiya da jariri, ita kuma ba ta tasuwa. Hoton da kuka aiko yana ƙarƙashin filonta, amma ta ce hoto ba ya motsi, ba ya kuka, ita angonta take son gani da ransa. Abinci sai ta ɗan tsakura ta ture. Mai gashin ƙashi ta ce lokacin fara taku ya yi, Inna ta ce taku zuwa ina?

Don Allah ka rubuto mini abin yi, dalla-dalla, da manyan baƙaƙe. Rawuta tana nan daram inda ka ce, a lungun ƙofar ɗakin Inna, babu abin da zai taɓa ta.

Ka shafa mini kan abokin hamayyata, ka ce masa matar tawa ce, na riga shi.

Naka,
Baba Mai Walda

*

Laraba

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku cikin girmamawa, tare da yi wa Inna sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Yaro yana lafiya, ya ƙara nauyi, amma sunan da kuka ba shi ya riga ya kama gidan nan.

Zanenku ya fito sosai. Ƙwallon tana nufin kwamfuta ba ta samun intanet. Ina roƙon ku gwada waɗannan bi da bi.

Na farko, ku zare wayar wutar rawuta, ku ƙirga talatin, ku mayar. Ku jira fitilunta su tsaya, ku faɗa mini nawa ne suka kama da kalarsu.

Na biyu, ku kashe kwamfuta gaba ɗaya ku sake kunnawa. Rufe murfinta kawai bai isa ba.

Na uku, ku danna ƙwallon nan. Idan kun ga hoton ƙaramin jirgin sama ya yi shuɗi, ku danna shi ya dushe. Idan yana kunne, yana kashe adafta. Adafta wani ɗan abu ne a cikin kwamfuta, shi ne kunnenta, da shi take jin rawuta.

Na huɗu, ku nemi sunan da na sa wa waifai ɗin, wato Gidan Baba, ku sake rubuta lambar sirrin da ke jikin katin da na haɗo muku da rawuta.

Ranar farko ta kama har daga shago, wanda ya fi ɗakin Inna nisa sau goma, saboda haka ba na zargin bango. In sha Allahu ƙaramin abu ne.

Ku huta lafiya.
Ɗanku, Injiniya

Ƙari daga Auta: Baba, ya rubuta wasiƙar nan sau uku yana yagawa, wai kada ya yi maka kamar yana koyar da kai. Na ce masa kai da ka zauna a benci ɗaya da sa'o'in jikokinka, koyarwa ba ta ba ka tsoro. Ka ce wa Inna ta ci abinci, in ba haka ba angon ya fasa.

*

Juma'a

Zuwa ga Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri, da sannu da rashin barci, don na san mai gidan naku ba ya barin kowa ya runtsa.

Na bi takardarka kamar yadda nake bin awon ƙofa, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Na ɗauki makullaina da kwamfuta na je wurin rawuta. Na zare waya, na ƙirga talatin, na ƙara goma don kada a ce na yi rowa. Fitilu huɗu suka kama, duka kore, ɗaya tana ƙifta ido. Jirgin sama yana nan a kashe, ban taɓa shi ba. Na rubuta lambar sirri da yatsa ɗaya, sau biyu na ɓata, na uku ta shiga.

Injiniya, sai ga mafici ya cika fal! Layi huɗu! Na yi kabbara har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Na gyara komai na mayar yadda yake, na ɗauki kwamfuta kamar mai ɗauke da kwanon ƙwai, taku biyar na shiga ɗaki, na ɗora wa Inna a cinya. Ta duba, ta dube ni, ta ce, "Ƙwallon ka kawo mini in buga?"

Na koma, ya cika. Na dawo, ya tafi. Sau bakwai na yi wannan safara. Na ce wa Inna abin nan tsorona yake ji, kamar ƴan koyon da na yi a shago, in ina tsaye a kansu aiki kamar inji, in na juya baya sai hira. Ta ce ai ita ma da tana da ƙafa da ta gudu ta bar ni, ba laifin waifai ba ne.

Na ji daɗi da ta yi tsiya, don kwana biyu ko tsiyar ba ta yi.

Wata shawara ta zo mini. Tunda ka ce adafta kunne ne, ko dai kwamfutar ma irina ce, sai an matso kusa take ji? In haka ne ka faɗa mini, ba zan raina ta ba, mun zama ƴan uwa.

Ka gaida Auta. Ka ce mata bencin da take faɗa ni na yi masa ƙafafu, kuma har yau yana nan.

Naka,
Baba

*

Asabar

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ku da Inna. Na ba wani direba daban wannan don ta iso yau.

Baba, kun riga ni gano ciwon. Na karanta wa abokan aikina wasiƙarku, mu huɗu muka zauna a kanta, duka mun yarda da ku: adaftar cikin kwamfuta ta yi rauni, tana ji a kusa, ba ta ji daga nesa. Wataƙila jijjigar mota ce ta sassauta wayarta. Laifina ne da ban naɗe ta da kyau ba, ku yafe ni.

A cikin ambulan akwai sabuwar adafta, ba ta fi kan yatsa ba. Ku soka ta a ramin da ke gefen dama na kwamfuta. In ta ƙi shiga ku juya ta, kada ku sa ƙarfi. Ba ta bukatar guduma, in ji Auta, ni ban faɗa ba. Da kanta za ta shirya kanta, ƙaramar fitila za ta kama.

Na gwada ta a nan, tana kamawa ta bayan bango uku. Gobe Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma za mu kira, lokacin yaro ya tashi ya sha nono. Ku ajiye kwamfuta a gaban Inna. In ta yi ƙara, a danna kore.

Ku huta lafiya.
Ɗanku, Injiniya

*

Litinin

Injiniya,

Gaisuwa. Yau wasiƙar ba ta da tsawo.

Adafta ta shiga, fitilarta ta kama, amma ƙwallon nan tana nan. Jiya tun ƙarfe uku Inna ta sa aka ɗaura mata sabon ɗankwali, ta sa kwalli, wai kada ango ya gan ta a hargitse. Ƙarfe huɗu ta yi, babu komai. Na fita na je na duba fitilun rawuta, duka huɗu kore. Na tsaya na ɗan jira, na dawo. Na tarar da ita tana ta ɗaga hannu tana faɗa, wai ta ga ƙafar jariri a gilashi, wai ni na kore shi. Na duba, ƙwallo ce kawai.

Ina tsoron ɗokin ne ya fara sa ta gane-gane. Abincin yamma ko kallonsa ba ta yi ba. Mai gashin ƙashi ta zo yau da sandar koyon tafiya mai ƙafa huɗu, ta ce in aka ƙara sati biyu a kwance, ƙafar za ta saba da kwanciya. Inna ta juya fuska bango.

Na zauna a shago na sake karanta takardunka duka. Na iya karatu, na iya rubutu, na bi kowane layi, amma taku biyar sun gagare ni. Ban san inda na kuskure ba.

Ta karɓi birona ta rubuta wa ƴarta takarda, ta liƙe da kanta, ta ce in na buɗe ba ta yafe ba. Ga ta nan a ciki.

Baba

*

Auta,

Ina gaishe ki da jego. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi. Duk da haka ya fi na ubanki kyau, ajinmu ɗaya, ni na zo ta uku, shi na goma sha ɗaya, ki tambaye shi.

Ban haukace ba. Jiya na ga ƙafa. Ƙafar hagu ce, da safa ruwan ɗorawa, tana harbin iska. Ki faɗa mini in ƙarya nake yi.

Ga abin da na lura da shi, tunda ba ni da aiki sai sauraro. Ba na ganin lungu daga gadon nan, amma kunnena ras yake. Duk lokacin da tsohon nan ya fita, sai in ji makullai suna kacau-kacau, sai wani abu ya yi ƙiii. Daga nan mafici ya cika. Jiya a daidai lokacin kiranku ya shigo, na danna kore da kaina. Na ƙwala masa kira, "Malam! Malam! Ga shi nan!" Ina! Ko da rufin gida ne ya faɗo ba zai ji ba. Sai na ji ƙiii, sai ƙwas, kamar an datse kwaɗo. Ƙafa ta tafi.

Na faɗa masa, na ce me kake buɗewa kake rufewa a lungun nan? Ya ce wannan ba ruwansa da intanet, wai wata bajinta ce ya yi, yana so mijinki ya gani da idonsa ranar da kuka zo, kada in ɓata masa shiri. Na ce to.

Ke kin san ubanki. Ni ban san kan kwamfuta ba, amma shekara arba'in da shida na san kan wannan mutum. Ki karanta wa mijinki a hankali, kada kunya ta kashe shi.

Ki sumbaci ƙafar nan. Ki ce masa amaryarsa ta yi kwalliya jiya bai zo ba, amma ta yafe.

Innarki

*

Laraba

Baba na kaina,

Gaisuwa da ban girma. Yau ni ce mai rubutu, domin surukinka yana zaune ya rufe fuska da filo, ya ce bakinsa ba zai iya ba.

Da farko, Inna ba ta gane-gane. Safar ruwan ɗorawa ce, ƙafar hagu ce. Mu ma mun ga silin ɗinku da gefen sabon ɗankwali kafin ya yanke.

Na biyu, Baba, tambaya ɗaya zan yi, ka amsa tsakaninka da Allah. Ka ƙera wa rawuta akwatin ƙarfe?

Ina tambaya ne don na tuna mitar wuta, da ka yi mata keji har ma'aikaci ya kasa karantawa. Na tuna rediyon Inna. Na tuna takardar shaidarka ta ajin yamma, wadda har yau ba mai ganinta sai an nemo makulli. Ba a taɓa ba ka abu mai daraja ba ka bar shi a fili yana shan iska.

Na faɗa wa Injiniya haka, ya ce, "Ƙarfe kewaye? Har da murfi?" Na ce in dai Baba ne, har da kwaɗo. Ya ce waifai ba ta ratsa ƙarfe. Tana wuce katako, tana wuce bulo, amma in aka rufe rawuta a cikin ƙarfe, kamar an sa mutum a tanki ne an ce ya yi kira. Duk sanda ka buɗe don duba fitila, sai muryarta ta fito. Ka rufe, ta koma. Adafta ba ta taɓa lalacewa ba. Injiniyoyi huɗu, Baba, da digirinsu, Inna ta kayar da su daga kan gado.

Ka fito da ita, ka ɗora a kan akwatin, ba a ciki ba. Juma'a ƙarfe huɗu za mu kira.

Ya ce in rubuta cewa laifinsa ne da bai yi tambaya ba. Na rubuta, amma ban yarda ba.

Autarka

*

Asabar

Zuwa ga Injiniya da Auta da Kilo Biyu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta wanda bakinsa ya ƙi rufuwa tun jiya.

Eh, na ƙera. Farantin ƙarfe mai kauri na sa, na yi masa ƙofa da ƴan maɗaukai biyu, na huda ƙaramin rami ɗaya a baya don wayar wuta, na shafa masa shuɗin fenti. Ɓeraye sun taɓa cinye mini wayar injin niƙa ƙarfe, na ce abin da zai nuna wa Inna jikanta, ɓera ba zai kusance shi ba. To ɓera bai kusance shi ba kam. Mu ma haka.

Da na karanta wa Inna wasiƙar Auta, ta yi dariya har ta riƙe ƙugu tana cewa wayyo. Sai ta ce, "Miƙo mini sandar nan." Na ce ina za ki? Ta ce, "Sai na ga akwatin nan da idona." Mai gashin ƙashi tana nan, ta riƙe ta ta gefe ɗaya, ni ta ɗayan. Injiniya, taku biyar ta yi. Na ƙirga. Ta tsaya a lungu tana haki, ta ƙare wa akwatin kallo, ta ce, "Kai, amma fa ya yi kyau. Allah ya shirye ka." Mai gashin ƙashi ta ce sati biyu tana lallashi a banza, ashe akwati ya kamata ta kawo.

Sauran kun gani da idonku, amma ku bar ni in rubuta, don ina so ya zauna a takarda. Ƙarfe huɗu daidai kiranku ya shigo, Inna ta ture hannuna ta danna kore. Sai ga shi. Fuska kamar tafin hannuna, goshi irin nawa, kada wanda ya yi musu. Ya yi hamma, ya murtuke, ya buɗe baki ya tsala kuka. Ni ban ji ba, amma na ga bakin, na ga Inna ta toshe kunne ɗaya tana dariya tana hawaye, tana cewa, "Sannu ango, sannu mai gida, yi kukanka." Na sa tafin hannu a jikin kwamfuta wajen lasifika, na ji tana rawa. Haka na ji muryar jikana, da hannu, kamar yadda nake jin inji in yana da lafiya. Wannan injin lafiyarsa ƙalau.

Bayan kun kashe ta cinye kwano guda, ta ce a ƙaro. Yau da safe ta yi taku goma sha biyu, wai tana shirin tarbar miji.

Injiniya, ka cire filo daga fuska. Adaftarka tana nan a soke, na bar ta, kwamfuta ta samu kunne biyu, ta fi ni. Ka gaida abokan aikinka uku, ka ce in suna da rawutar da ke damunsu da yawan magana, ina da magani.

Rawuta tana zaune a kan akwatinta kamar mai gadi. A ciki na zuba wasiƙunku.

Naku har kullum,
Baba, kakan Kilo Biyu

Ƙari: Akwai ragowar ƙarfe mai kyau a shago. Auta, ki auna mini tsawon yaron, zan yi masa gado kafin ku zo.

*

Litinin

Baba,

Santimita hamsin da ɗaya, kuma yana ƙaruwa, ka bar masa wuri.

Inna za ta duba aikin kafin a shafa fenti. Ban da murfi. Ban da kwaɗo.

Autarka